Ƙidaya Biyu a Jiki Ɗaya: Faya-fayan Farko na Meshuggah

Wanda ya fara jin kiɗan Meshuggah yakan ɗauka faifan ne ke tsalle. Jita ta sara, ta tsaya cak inda kunne bai zata ba, ta sake sarawa kafin ka shirya, gangar ƙafa kuma tana biye da ita sau da ƙafa. Amma dubi jama'ar da ke gaban dandamali idan suna wasa: dubban kawuna ne ke sunkuyawa suna ɗagowa tare, a taki guda, ba mai riga wani. Kunne na cewa kiɗan a karye yake, wuya na cewa daidai yake tafiya, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Abin da waɗannan mutanen arewacin Suwidin suka iya shi ne riƙe ƙidaya biyu a lokaci guda, ɗaya mai tafiya sumul, ɗaya mai zagaye a karkace, su bar su su rabu su yi nisa da juna, sa'an nan su dawo da su su haɗu a daidai inda suka nufa. Ba dare ɗaya suka kai ga wannan ba. Faya-fayan da suka yi tsakanin 1989 da 1995 sun ajiye mana yadda aka nemi wannan gwaninta har aka same ta, shi ya sa nake ganin mai son ya fahimci ƙungiyar daga nan ya kamata ya faro.

Garinsu Umeå ne, a bakin kogin Ume, kimanin kilomita 600 arewa da Stockholm. A watan Disamba hasken rana ba ya wuce awa huɗu da ɗoriya, sauran duk duhu ne da ƙanƙara. Garin jami'a ne tun 1965, kuma tun 1968 ake yin bikin kiɗan jazz a cikinsa duk shekara. A nan makaɗin ganga Morgan Ågren da makaɗin fiyano Mats Öberg suka tashi, samarin da makaɗin Amurka Frank Zappa ya kira su hau dandamali tare da shi a Stockholm a 1988 saboda yadda suka haddace kiɗansa mai wuyar sha'ani. Suwidin ƙasa ce da ƙananan hukumomi ke da makarantun koyon kiɗa na yara, ƙungiyoyin ilimin manya kuma suna ba samari ɗakunan gwaji da kayan kiɗa a farashi mai rahusa. Saurayin da ya tashi a irin wannan gari, ga dogon dare, ga ɗaki, ga kunnen da ya saba jin kiɗa mai lissafi, yana da damar da zai yi ta maimaita abu guda har ya zauna masa a hannu.

Fredrik Thordendal ya kafa wata ƙungiya mai suna Metallien a 1985 yana ɗan shekara goma sha biyar. Jens Kidman, wanda ya girme shi da shekara huɗu, shi ya fara amfani da sunan Meshuggah a 1987. Bayan 'yan sauye-sauye sai aka tsaya a kan mutum huɗu: Kidman yana waƙa yana kaɗa jita, Thordendal a jita ta biyu, Peter Nordin a jitar bes mai kaurin murya, Niclas Lundgren a ganguna. A 1989 suka fitar da faifan garmaho mai waƙoƙi uku, kwafi 1,000 kacal, kuma wani kantin sayar da faya-fayai na garin mai suna Garageland ne ya ɗauki nauyinsa. Sunan ƙungiyar faifan ke ɗauke da shi, amma masoyansu sun fi saninsa da Psykisk Testbild.

Salon da ke cikinsa shi ne thrash, reshen kiɗan metal da ƙungiyoyin Amurka irin su Metallica da Slayer da Megadeth da Anthrax suka ɗaukaka a shekarun 1980. Asirin thrash yana hannun dama na makaɗin jita. Yakan kwantar da gefen tafin hannunsa a kan gindin tsirkiyoyi, ya danne su kaɗan, ta yadda in ya sara, sautin zai fito gajere, a dunƙule, ba ya jan jela. Da haka jita ke komawa kusan ganga. Ana ɗaukar 'yar gajeriyar jimlar kiɗa, wadda suke kira rif, a yi ta maimaita ta da gudu. A 1988 Metallica suka fitar da ...And Justice for All, faifai mai dogayen waƙoƙi masu sassa da yawa da sauti busasshe, kuma duk wanda ya saurari waƙoƙin Meshuggah uku na 1989 zai ji wannan faifan a bayansu. Har muryar Kidman tana bin sawun ta James Hetfield, mawaƙin Metallica. Kwaikwayo ne, ba a musu. Sai dai akwai abu guda da tun a lokacin ya fito fili, musamman a waƙar “Cadaverous Mastication”: son tsayawa. Mutum huɗu su taho a guje, su tsaya tare kamar an yanke wuta, su sake tashi tare. Samari da yawa sun iya gudu. Tsayawa tare ita ke bukatar kowa ya ji numfashin ɗan'uwansa.

A daidai wannan lokaci kudancin ƙasar ya karkata wani wajen. A Stockholm, a situdiyon Sunlight na Tomas Skogsberg, ana ƙera sautin death metal na Suwidin: a sassauta tsirkiyoyi su yi ƙasa, a bi da jita ta wata ƙaramar na'ura ta kamfanin Boss mai suna HM-2 a murɗa maɓallanta har ƙarshe, sautin ya fito da kauri da ƙura, murya kuma ta koma gurnani. Entombed sun fitar da Left Hand Path a 1990, Dismember suka biyo da Like an Ever Flowing Stream a 1991. Kyan wannan salo yana cikin dattinsa, inda sautuka ke narkewa cikin juna. Mutanen Umeå sun ɗauki nauyin death metal da fushinsa, amma ƙurar ba ta yi musu ba, domin abin da suke nema sai kowace sara ta fito da bakinta, a ji inda ta fara da inda ta ƙare.

A 1990 Lundgren ya bar ƙungiyar, Tomas Haake ya hau kujerar ganguna. Ɗan garin Örnsköldsvik ne, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai kudu da Umeå, bai kai shekara ashirin ba. Kamfanin Nuclear Blast na Jamus, wanda shi ma ya fitar da faifan Dismember, ya ɗauke su, a 1991 kuma Contradictions Collapse ya fito. Faifai ne na samari masu ƙarfi a jika da suka san abubuwa da yawa kuma suke son a san sun sani. Waƙoƙin dogaye ne, galibinsu sun haura minti biyar, wasu sun kai bakwai, kowace cike da rif bayan rif. Kafin ka gama sanin wannan an wuce zuwa wancan. A “Paralyzing Ignorance” da “Abnegating Cecity” ƙidayar tana sauyawa a kai a kai, yanzu huɗu, an jima biyar ko bakwai, kuma in za a sauya, kowa da kowa ne ke sauyawa tare, ganga da jita da bes. Wannan aiki ne mai wuya, sun kuma yi shi da tsabta abin yabo, a zamanin da gyaran sauti da kwamfuta bai zama ruwan dare ba, wanda ya yi kuskure sai ya sake kaɗawa. Amma mai sauraro yana wahala. Ba a bar masa abin da zai dafa ba. Duk lokacin da ƙafarsa ta kama taki sai a janye shi.

Duk da haka ina ƙaunar wannan faifai, kuma ba don tausayi ba. A “Qualms of Reality” akwai wurin da hayaniya ke lafawa jita mara lantarki ta shigo, a ji cewa Thordendal yana da kunnen da ya wuce na thrash. Bes ɗin Nordin yana fitowa sarai, yana da ƙara kamar ta ƙarfe, ba ya ɓuya a bayan jita. Baitocin suna magana ne a kan haɗama da jahilci da yadda ake juya tunanin jama'a, ana rera su da tsawa, wani lokaci sauran 'yan ƙungiyar su amsa da murya ɗaya. Haake kuwa, in ka ware kunnenka gare shi shi kaɗai, za ka ji saurayin da hannunsa ke son ya tsaya wuri guda yayin da ƙafarsa ke son yawo. Faifan bai yi kasuwa sosai ba. Abin da ya biyo bayansa shi ne shekaru uku na gwaji, da wata dabara da ta sauya musu komai.

Ga yadda dabarar take. Yawancin kiɗan rock da metal a kan ƙidayar huɗu yake tafiya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sake. Mu kira kowane huɗu ɗin nan gida guda. Kowane bugu ana iya raba shi ƙwaya huɗu ƙanana, ke nan gida guda yana da ƙwaya 16, gida huɗu 64, gida takwas 128. A kiɗa na yau da kullum ana yanka rif daidai da gida, ƙwaya 8 ko 16 ko 32, don haka duk inda gida ya fara nan rif ma ke farawa. Meshuggah sai suka tambayi kansu: in aka ƙi yanka rif ɗin daidai da gida fa? A yi shi ƙwaya biyar, ko bakwai, ko ashirin da uku, a bar shi ya yi ta maimaita kansa, amma kada a taɓa ƙidayar huɗun da ke ƙarƙashinsa.

Mai karatu zai iya gwadawa a inda yake zaune. Ka riƙa ƙirga ɗaya zuwa biyar da bakinka, da sauri, ba tsayawa, ba jan numfashi tsakanin biyar da ɗayan da ke biye. Hannunka kuma ya riƙa bugun cinya sau ɗaya a kowace ƙwaya huɗu. Da farko “ɗaya” na baki da bugun hannu za su faɗo tare. A zagaye na biyu “ɗaya” zai makara da ƙwaya guda bayan hannu, a na uku da ƙwaya biyu, a na huɗu da uku, sai bayan ƙwaya ashirin za su sake haɗuwa. Yawancinmu tun a zagaye na biyu hannu ke bin baki ko baki ya bi hannu, domin jiki ba ya son shugabanni biyu. Ka lura kuma da wani abu: kalmomin da bakinka ke faɗa ba su sauya ba, biyar ɗin nan ce dai, amma duk zagaye tana jin daban saboda bugun hannu yana sauka a kan wata lamba dabam. Rif guda ya zama huɗu ba tare da an ƙara masa komai ba. Wannan ita ce ribar dabarar, kuma ita ce maganin cunkoson faifan 1991: maimakon a tara rif goma a waƙa, sai a ɗauki guda a bar shi ya juya, a gan shi ta kowace fuska.

Wanda ya taɓa tsayawa ya saurari lugude ya san rabin wannan. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta da lokacinta, wata har ta cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe, amma taɓare ba sa karo, domin kowace tana jin nata bugun tana kuma jin na 'yan'uwanta. Bambancin shi ne a lugude zagayen kowa tsawonsa ɗaya, don haka gurbin da kowace ke faɗawa ba ya motsi. A wajen Meshuggah zagayen ba tsawonsu ɗaya ba, gurbin yana matsawa gaba duk juyi, kuma a jikin mutum guda ake yin abin.

Mutumin shi ne Haake. Hannunsa na dama yana kan farantin tagulla yana buga huɗun nan ba fashi, hannun hagu yana sauke duka a ƙaramar gangar tsakiya, sau da yawa a bugu na uku na kowane gida. Wannan shi ne abin da wuyan jama'a ke bi. Ƙafafunsa biyu kuwa suna kan gangunan ƙasa suna bin rif ɗin jita ƙwaya da ƙwaya, duk inda ya sara su sara, duk inda ya yi shiru su yi shiru. Sama da ƙugu yana wata ƙidaya, ƙasa da ƙugu yana wata. Haake ya sha faɗa a hirarraki cewa su a huɗu suke jin kiɗansu, ba lissafi suke yi a kan dandamali ba. Na yarda da shi, domin lissafi ba ya gudu da saurin da ake bukata. Sai an maimaita abin har ƙafa ta haddace jimlar kamar yadda harshe ke haddace magana, sa'an nan hankali ya sami sukunin komawa kan huɗun.

Akwai kashi na ƙarshe na gwanintar, wanda a ganina ya fi sauran nuna hankali, shi ne sanin inda za a yanke. In aka bar zagaye biyu su yi ta tafiya sai sun haɗu da kansu, wani lokaci sai an yi dogon jira, kuma haɗuwar ba za ta faɗo a ƙarshen gida na huɗu ko na takwas ba, inda kunnen ɗan Adam ke sa ran sabon abu. Don haka sai a datse zagayen ƙarshe ko a ƙara masa. Rif mai ƙwaya biyar a cikin gida huɗu zai zagaya sau goma sha biyu, ƙwaya 60 ke nan, saura huɗu, sai a gutsure na goma sha uku ya tsaya a huɗu, kowa ya faɗo tare a kan “ɗaya”. Misalin da aka fi ambata yana cikin waƙarsu ta 1998, “New Millennium Cyanide Christ”: rif mai ƙwaya 23 sau biyar, 115 ke nan, a cike da guntu mai 13, jimla 128, gida takwas cif. Masanin kiɗa Jonathan Pieslak ya yi nazarin irin wannan gini nasu a wata mujallar ilimin kiɗa a 2007. Daɗin da mai sauraro ke ji yana wurin wannan faɗowar. An ɗauke shi an yi nisa da shi, ya fara zaton an ɓata, sai ga shi a ƙofar gida.

Wurin da aka fara jin wannan tunani sosai shi ne None, ƙaramin faifai mai waƙoƙi biyar da suka ɗauka a situdiyon Tonteknik na Umeå a 1994, situdiyon da Refused, wata ƙungiyar garin, suka yi shahararren faifansu na 1998. Kafin nan an yi sauyi mai muhimmanci. Kidman ya ajiye jita ya tsaya ga waƙa kaɗai, aka kawo Mårten Hagström, abokin Haake tun suna yara a Örnsköldsvik, wanda suka taɓa yin ƙungiya tare. Makaɗin jitar da ya tashi yana kiɗa da makaɗin ganga guda tun ƙuruciya ya san nauyin ƙafarsa, kuma a wannan salo jita da gangar ƙafa dole su zama abu ɗaya. Da “Humiliative” ta buɗe faifan za ka ji an rage gudu, an rage yawan rif, an buɗe sarari tsakanin sara da sara. “Sickening” tana da nauyin da babu irinsa a faifan 1991. A “Ritual” Kidman ya gwada rera waƙa da lallausar murya, hanyar da ba su daɗe a kanta ba. “Gods of Rapture” ita ce zakarar faifan a wurina, domin a cikinta gudun thrash da sabon lissafin suka zauna tare ba wanda ya danne wani.

A waɗannan shekaru ne kuma suka koma jita mai tsirkiya bakwai. Kamfanin Ibanez ya fara sayar da irinta a 1990, ƙirar da aka yi wa makaɗin jita Steve Vai, kuma tsirkiya ta bakwai ita ce mafi kauri, mafi zurfin murya. Amfaninta a bayyane yake, amma tana da wuyar riƙo. Tsirkiya mai kauri in an sare ta ba ta son yin shiru, tana ci gaba da rawa, ga kuma lasifikar da aka ƙure wa ƙarfi tana ƙara duk wani ɗan motsi. Makaɗin sai ya kashe sautin da hannu biyu a lokaci guda, gefen tafin dama a gindi, yatsun hagu su sassauta su kwanta a kan tsirkiyoyi. Mutum biyu ne ke yin wannan, ga mai bes na uku, kuma in ɗayansu ya makara da ƙiftawar ido shirun ya ƙazantu. A kiɗan da rif ɗinsa ke yawo a kan ƙidaya, shirun nan shi ke nuna wa kunne siffar jimlar. Ana yawan yaba wa makaɗan metal saurin yatsa. Ni abin da ke ba ni sha'awa a None shi ne tsabtar wuraren da ba a kaɗa komai ba.

Sai ƙaddara ta gitta. Thordendal kafinta ne a lokacin, da aikin katako yake ci, a wajen aiki ya datse kan yatsarsa ta tsakiya ta hannun hagu, hannun da ke danna tsirkiya. An ɗinke masa ita, ta kuma warke har ya koma kiɗa. Haake ma ya ji rauni a hannu da wata na'urar aiki. Watanni suka wuce ƙungiyar ba ta iya wasa ba, wani ƙaramin faifai da suka riga suka ɗauka a 1994, Selfcaged, bai fito ba sai 1995. Ya kamata a tuna da wannan idan ana sauraron faya-fayan nan. Ma'aikata ne masu sana'ar hannu suka yi su bayan an tashi daga aiki.

A watan Fabrairun 1995 suka sauka Uppsala, situdiyon Soundfront, wurin Daniel Bergstrand, wanda shi ma matashi ne a lokacin. Abin da suka fito da shi shi ne Destroy Erase Improve. Bergstrand ya ba su sautin da suka daɗe suna nema: gangar ƙafa mai kaifin baki da ake jin kowane bugunta ko da ana gudu, jita busasshiya mai nauyi, komai a gurbinsa. “Future Breed Machine” tana buɗewa da ƙarar inji da wani siririn sauti mai maimaita kansa kamar ƙararrawar gargaɗi, kuma wannan sautin aiki yake yi, yana kafa wa kunne ma'auni kafin jita ta shigo ta fara saɓa masa. “Soul Burn” tana tafiya a hankali, a nan ne mai koyon sauraro zai fi saurin gane dabarar, domin akwai lokacin da zai bi hannun Haake da kai ya bar sauran su yi ta zagaye. “Transfixion” da “Vanished” suna riƙe da gudun thrash na da. Har yanzu akwai wuraren da ƙungiyar duka ke sauya ƙidaya tare kamar a 1991, ba a kai ga tsantsar tsarin da zai zo a faifansu Chaosphere na 1998 ba, kuma wannan gaurayen yana cikin abin da ya sa faifan ke da rai. Mujallar Rolling Stone ta sa shi cikin faya-fayan metal ɗari mafiya daraja a jerin da ta fitar a 2017.

Ba za a yi maganar wannan faifai a tsallake kiɗan Thordendal na shi kaɗai ba, wato wuraren da sauran ke riƙe masa ƙasa shi kuma ya hau sama. Makaɗan thrash galibi daga salon blues da rock suke ɗebo irin wannan. Shi daga Allan Holdsworth ya ɗebo, Baturen Ingila ɗan garin Bradford, makaɗin jazz wanda burinsa jita ta yi magana kamar abin busa. Holdsworth ba ya yawan sara tsirkiya, yatsun hagu ne ke bugawa suna janyewa, sautuka su zubo a jere ba gaɓa. Thordendal ya ɗauki wannan ya ɗora a kan ƙasar da ke motsi. Har wata na'ura yake amfani da ita mai bututu a baki, yana busawa, ƙarfin numfashinsa yana ƙara sautin jitar ko ya rage shi. Sakamakon shi ne a tsakiyar duk wannan sara da tsayawa sai ga wata murya mai santsi tana shawagi, ba ta bin huɗun Haake, ba ta bin zagayen Hagström, amma ta san inda dukansu suke, domin tana sauka tare da su. A “Acrid Placidity” an ajiye tsawa gaba ɗaya, ba waƙa, jita ce kawai mai tsabtar murya ke tafiya a natse, kuma wanda ke zaton mutanen nan hayaniya kaɗai suka iya sai ya fara da ita.

Kidman ma ya sami nasa gurbin. Da ya ajiye jita sai ya bar kwaikwayon Hetfield, ya koma wata tsawa busasshiya wadda kusan ba ta hawa ba ta sauka. Ya mai da muryarsa abin bugu. Gaɓoɓin kalmomi suna faɗowa a wuraren da aka auna musu, wani lokaci tare da jita, wani lokaci a cikin ramukan da jita ta bari. Haake ne ke rubuta yawancin baitocin, kuma makaɗin ganga in ya rubuta kalma yana jin nauyin kowace gaɓa tata. A “Sublevels”, waƙar da ta rufe faifan, shi da kansa ne ke magana da ƙasa-ƙasar murya a kan kiɗan.

Bayan fitowar faifan suka bi ƙungiyar Machine Head ta Amurka zagayen Turai a 1995, suna buɗe mata wasa. Ana cikin tafiya Peter Nordin ya kamu da ciwon cikin kunne mai sa jiri, dole ya koma gida, daga baya kuma ya bar ƙungiyar. Adam Duce, mai bes na Machine Head, ya ce zai riƙe musu, suka gode masa suka zaɓi su ci gaba su huɗu. A wasu darare Thordendal ya ɗauki bes, a wasu kuma suka hau da jita biyu, Hagström ya bi da tasa ta na'urar da ke saukar da murya ƙasa don ta cike gurbin Nordin. Haka suka ƙarasa zagayen, suna kaɗa “Future Breed Machine” a gaban jama'ar da ba domin su suka zo ba, da mutum guda a rage, kowa yana riƙe da ƙidayarsa. Waƙoƙin nan uku yadda aka ɗauke su a 1989, waɗanda kwafi 1,000 kawai aka buga, sai a 2001 suka isa kunnen yawancin masoyansu, lokacin da Nuclear Blast ya sake fitar da su a cikin tarin Rare Trax.